Kafin a kunna kwamfuta, a san inda ruwa ke bi

A ɗauki tankin tace ruwan sha mai tsawon mita 20, faɗin mita 5, zurfin mita 3. Cikinsa mita kubik 300 ke nan, wato lita 300,000. Idan ana zuba masa mita kubik 600 a kowace awa, lissafin ɗan firamare zai ce kowane ɗigon ruwa yana yin minti 30 a ciki kafin ya fita. Wannan rabin awa kuwa rayuka sun rataya a kansa, domin shi ne lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwa ya yi a gauraye da kulorin, da ragowar aƙalla rabin miligiram a kowace lita, don a tabbata ƙwayoyin cuta sun mutu.

Sai dai ruwa bai ɗauki alkawarin bin wannan lissafi ba. Idan mashiga da mafita suna kallon juna, kuma babu abin da ya gitta tsakaninsu, wani kaso na ruwan yanke yake yi, ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, yayin da wani kason yake maƙalewa a kusurwa yana kewaya kansa awa da awanni. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da jadawalin da injiniyoyi ke aiki da shi a kan haka. A tankin da ba shi da shinge ko ɗaya, ana ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 na ruwan ya riga ya fita tun a ɗaya bisa goma na lokacin da aka lissafa, wato minti 3 a wannan misali. Tankin da aka gitta wa shingaye masu kyau, waɗanda ke tilasta wa ruwa tafiyar maciji, yana kai bakwai bisa goma, wato minti 21. Siminti ɗaya ne, kulorin ɗaya ne, bambancin kawai ƴan katangu ne da inda aka kafa su.

Gano irin wannan ɓoyayyar hanya tun tanki yana kan takarda shi ne aikin ilimin da ake taƙaita sunansa da haruffan CFD, wato lissafin gudun ruwa da iska ta hanyar kwamfuta. Ɗalibai da dama a sassan kimiyya da fasaha na jami'ar Abdou Moumouni, da makarantar EMIG a Yamai, da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, suna cin karo da hotunansa masu launi a intanet, kuma tambayar da suka fi yi ita ce: wace manhaja za a fara da ita? Wannan tambaya ta zo da wuri. Babban cikas ɗin mai koyo shi ne samun hoto mai kyau tun kafin ya iya faɗi da bakinsa abin da ruwan ke yi da dalilin da ya sa yake yin sa. Wanda bai iya bayyana tafiyar ruwa da kalmomin da yake tunani da su ba, ba shi da abin da zai ƙaryata kwamfuta da shi ranar da ta yi masa ƙarya. A nan ne maganar ta shafi ɗaliban kimiyyar harshe kai tsaye.

Abin da na'ura ke yi a ɓoye

Dokokin da ke mulkin tafiyar ruwa tsofaffi ne. Leonhard Euler ya rubuta lissafin ruwan da ba shi da gogayya a tsakiyar ƙarni na 18. Injiniyan Faransa Claude-Louis Navier ya ƙara masa gogayyar cikin ruwa a 1822, George Stokes ya kammala siffarsa a Ingila a 1845. Abin da waɗannan alamomi masu ban tsoro ke faɗi bai wuce magana biyu ba. Ta farko: ruwa ba ya ɓacewa kuma ba ya faɗowa daga babu, abin da ya shiga wuri, ko ya fita ko ya taru. Ta biyu: ruwa ba ya ƙara sauri, ko ya rage, ko ya sauya alkibla, sai wani ƙarfi ya tura shi, ko matsi, ko nauyinsa, ko gogayya da bango da sauran ruwan da ke gefensa.

Faɗin dokar ya fi warware ta sauƙi nesa ba kusa ba. Har yau babu wanda ya tabbatar cewa lissafin Navier da Stokes yana da amsa mai santsi a kowane hali, kuma tun shekara ta 2000 Cibiyar Clay ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wannan ƙulli. Abin da CFD ke yi dabara ce ta kewaye. Ana yanka cikin tankin gunduwa-gunduwa, a mai da shi raga mai dubban idanu. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a garka ya san tsarin: fangali yana karɓa daga na samansa, ya miƙa wa na ƙasansa. Kwamfuta tana riƙe wa kowane idon raga littafin shiga da fita, ta daidaita shi da na maƙwabtansa, ta sake, ta kuma sakewa, sau ɗaruruwa ko dubbai, har lissafin ya lafa. Tankin da aka ambata a sama, idan aka yanka shi da idanu masu santimita 10, zai ba da ido 300,000. Idan aka rage zuwa santimita 5, adadin ya koma miliyan 2 da dubu 400. Rage girman ido da rabi yana ninka aiki sau takwas, kuma wannan shi ne lissafin farko da ya kamata mai ƙaramar kwamfuta ya haddace.

Akwai kuma hargitsi. A 1883, a Manchesta, Osborne Reynolds ya zirara zaren rini a cikin bututun gilas mai ruwa. Muddin ruwan yana tafiya a hankali, zaren ya miƙe sambal. Da aka ƙara sauri, sai ya wargaje ya rine ruwan duka. Daga nan aka samo lambar da ke ɗauke da sunansa: a ninka sauri da faɗin bututu, a raba da kaurin ruwa. Ƙasa da kimanin 2,000, gudu a natse yake. Bututu mai faɗin santimita 10, da ruwa mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, lambarsa ta kai 100,000. Ma'ana kusan duk ruwan da injiniya zai taɓa hargitsattse ne, cike da ƙananan juyi da babu ragar da za ta kama su duka. Saboda haka ake amfani da kwatance, wanda ya fi yaɗuwa shi ne k-epsilon, da Launder da Spalding suka daidaita a 1974. Kwatance kuwa ƙiyasi ne da aka gwada a wasu halaye ya yi daidai. Mai koyo yana zaɓarsa da taɓa maɓalli ɗaya, ba tare da ya san ya ɗauki alhakin wani zato ba.

Tarihin fannin kansa ya ƙunshi gargaɗi. Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila, ya yi lissafin hasashen yanayi na awa shida da hannu, aikin da ya ci masa wajen mako shida, ya buga shi a 1922. Amsarsa ta nuna matsin iska zai sauya da hektopaskal 145, abin da ba ya faruwa a duniya. Bincike daga baya ya nuna hanyarsa ba ta da laifi sosai, alƙaluman da ya fara da su ne ba su daidaita ba. Richardson ya gane amsar ba ta yiwuwa domin ya san iska. Kwamfutar yau tana yin irin wannan kuskure cikin minti kaɗan, ta kuma shafa masa ja da shuɗi da kore.

Ta ina za a fara

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Matakin farko alƙalami ne da takarda. Kafin a buɗe kowace manhaja, mai koyo ya iya lissafa lokacin zaman ruwa a tanki, da lambar Reynolds, da asarar matsi a bututu, da saurin kwanciyar ƙwayar laka. Dokar Stokes ta 1851 ta isa misali. Ƙwayar rairayi mai kaurin ɗaya bisa goma na milimita tana nutsewa mita ɗaya cikin kimanin minti 2. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma tana buƙatar awa 3. Ƙwayar yumɓu da ta ƙara ƙanƙanta sau goma kuwa sai ta yi kusan kwana 13. Wannan ɗan lissafi ya bayyana dalilin da ya sa jan ruwan kogin Isa na damina ba ya washewa don an ajiye shi kawai, da dalilin da ya sa masana'antun tace ruwa, kamar na Gudal da Yantala da ke shayar da Yamai, suke fara dunƙule laka da magani kafin su bar ta ta kwanta. Uwar gida da ke jefa alif ko dakakken ƴaƴan zogale a tulu wannan aikin take yi. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi a ka yana da ma'aunin da zai auna duk abin da na'ura ta kawo masa.

Mataki na biyu shi ne rubuta ƙaramin lissafi da hannun kai. Farfesa Lorena Barba ta wallafa darussa kyauta a intanet, matakai goma sha biyu a harshen kwamfuta na Python, daga layi ɗaya har zuwa lissafin Navier da Stokes a fili mai tsawo da faɗi. Amfaninsu shi ne mai koyo zai ga lissafinsa ya tarwatse a gabansa idan ya yi tsalle mai faɗi a lokaci. Zai koyi da gumi sharaɗin da Courant da Friedrichs da Lewy suka bayyana a 1928: kada ruwa ya tsallake fiye da idon raga ɗaya a taki ɗaya. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai ƙara ɗaukar manhaja a matsayin boka ba.

Sai a mataki na uku ake buɗe babbar manhaja. OpenFOAM, wadda aka sake wa jama'a kyauta a 2004, ba ta neman lasisi, kuma ParaView da ake duba sakamako da ita kyauta ce. Ansys Fluent na kuɗi ne, amma yana da bugun ɗalibai mai iyakacin girman raga. A nan ma da tambayar da aka riga aka san amsarta ake farawa. A bututu mai gudu a natse, saurin tsakiya ninki biyu ne na matsakaicin sauri. Idan na'ura ba ta ba da haka ba, laifin yana wajen mai saiti. Akwai kuma akwatin da murfinsa ke jan ruwa, wanda Ghia da abokan aikinsa suka buga alƙalumansa a 1982, kuma har yau da shi ake gwada sabon hannu. Bayan haka a maimaita lissafi ɗaya da raga uku, mai manyan idanu, matsakaita, da ƙanana. Idan amsa tana sauyawa duk lokacin da aka sauya raga, to ragar ce ke magana, ruwan bai ce komai ba tukuna.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi arha. A je bakin tanki na gaske, ko a haɗa ƙarami da kwano da tiyo, a narka gishiri a zuba a mashiga, a riƙa auna gishirin da ke fitowa a mafita minti bayan minti da ɗan abin awon da masu binciken rijiyoyi ke yawo da shi. Peter Danckwerts ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan awo a 1953. Zanen da zai fito yana nuna yaushe ruwan farko ya iso, da tsawon jelar da ruwan da ya maƙale ke ja. Idan zanen kwamfuta ya hau kan na gishiri, an sami izinin amfani da kwamfutar wajen gwada shingen da ba a gina ba tukuna. Idan bai hau ba, gishiri ne mai gaskiya. Gani ya kori ji.

Yanayin ƙasa ma yana da bakin magana. Littattafai da misalan manhajoji sun saba ɗaukar ruwa a zafin digiri 20. A digiri 30, wanda ba baƙo ba ne a tankunan Sahel, kaurin ruwa yana raguwa da kusan ɗaya bisa biyar, kuma wannan yana taɓa saurin kwanciyar laka. A tafkunan tace ƙazamin ruwa, waɗanda suka fi dacewa da ƙasa mai rana da fili, zafin rana yana raba ruwa hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, iskar hunturu kuma tana iya kora ruwan sama daga mashiga zuwa mafita cikin ɗan lokaci, tun ƙwan tsutsar ciki bai kwanta ba. Wanda ya kwafo saitin wani daga wata ƙasa mai sanyi, tafkin wancan ya lissafa.

Ba kowace matsala ke son raga ba

Wani ɓangare na ƙwarewa shi ne sanin lokacin da ba a buƙatar CFD. Damagaram tana zaune a kan dutse, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Ruwan garin daga rijiyoyi masu nisa ake turo shi, irin na Gogo da Macaya da Arunguza. Tambayar me ya sa famfo ba ya kawowa a wata unguwa tambaya ce ta jerin bututu, da tsayin shato, da ƙarfin injin turi. Manhajar EPANET, wadda ta fito a 1993 kuma kyauta ce, tana amsa ta a kan tsohuwar kwamfuta cikin ƙiftawar ido. Ambaliyar kwatoci kamar Gunti Yena a Yamai aikin SWMM ne. Tashin kogin Isa, irin na watan Satumba na 2020 da ya mamaye unguwannin bakin kogi, ko cikar Gulbin Maraɗi, ana bin su da lissafin Saint-Venant na 1871, ta manhaja irin HEC-RAS. Wurin CFD mai tsawo da faɗi da zurfi shi ne inda siffar wuri ke yanke hukunci: tankin kulorin, tankin kwantar da laka, ramin da famfo ke tsotsar ruwa, akwatin da ke raba ruwa gida-gida, mashayar madatsa. Mai harbin sauro da bindiga ya yi asarar harsashi, sauron kuma yana nan.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Wani zai ce wannan duk ado ne. Ƙasar da ƙauyuka da yawa ke jan ruwa da guga, kuma yawancin gidajen birni ba su haɗu da wata magudanar ƙazanta ba, rijiya da bututu da salga take buƙata. Kwalarar da ta ɓulla a Madarunfa a 2018 ta kama sama da mutum 3,000, ta sake dawowa a 2021, kuma ta fi ɓarna inda babu ruwa mai tsabta sam. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce kwamfuta za ta maye gurbin famfo yaudara yake yi.

Amma ƙarancin kuɗi dalili ne na ƙara kula da zane. Ƙasa mai wadata idan ta gina tanki ya ƙi aiki, sai ta rushe ta sake. Wadda ta ciyo bashi ta gina nata za ta zauna da kuskuren shekara talatin ko arba'in, tana biya da ƙarin magani da ƙarin wuta. Tun ran gini tun ran zane. Sau da yawa ma gyaran tsohon tanki bai wuce ƴan shingayen bulo ba, in an san inda za a sa su. Akwai kuma batun wanda zai duba aikin. Manyan ayyukan ruwa kamfanonin waje ne suka saba zana su, kuma rahotanninsu sukan zo da waɗannan hotuna masu launi. Idan babu injiniyan gida da zai iya tambaya wace raga aka yi amfani da ita, wane kwatancen hargitsi, wane zafin ruwa, da wane awo aka gwada, to sa hannu kawai ya rage masa. Tun daga farkon 2024 kamfanin ƙasa na NDE ne ke riƙe da rarraba ruwan birane, bayan shekaru fiye da ashirin na SEEN. Mallakar kamfani abu ɗaya ne, mallakar ilimin da ake tafiyar da shi wani abu ne dabam, kuma na biyun ba a samunsa da doka.

Ƙorafi na biyu na kayan aiki ne: wuta tana ɗaukewa, intanet da tsada, kwamfutocin ɗalibai ƙanana ne. Matakai uku daga cikin huɗun da aka lissafa ba sa buƙatar babbar na'ura, kuma raga mai ido dubu ɗari ko ɗari biyu tana tafiya a kan kwamfutar hannu ta yau da kullum. Ƙarancin ƙarfi yana tilasta wa mutum tunani kafin ya danna, kuma a wannan fanni alheri ne.

Rabon ɗaliban harshe

Ɗalibin Nijar da ya shiga wannan fanni yana ɗauke da kaya hawa uku. Manhaja da takardunta Ingilishi suke ji. Darasin aji da Faransanci ake ba da shi. Tunaninsa game da ruwa kuwa, wanda ya tara tun yana yaro a bakin rijiya da tafki da korama, da Hausa yake, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci. Idan ba a gina gada tsakanin hawa na uku da sauran biyun ba, kalmomin fannin za su zama hadda. Zai iya furta su a jarrabawa, amma ba za su tashe shi tsaye ba idan hoto ya nuna ruwa yana hawa tudu.

Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Ruwa yana gudana, yana kwarara, yana malala, yana zirara, yana ɓulɓula, yana tsattsafowa, yana tumbatsa, yana kwanciya. Kowane fi'ili a nan yana ɗauke da bayani a kan sauri da yawa da siffar wuri. Malala ta ruwa ce marar zurfi a kan shimfiɗaɗɗen wuri, kwarara tana da ƙarfi da gangara. Kalmar yanke, wadda kowa ya sani a tafiyar ƙafa, ta kama ma'anar ruwan da ya tsere daga mashiga zuwa mafita ba tare da wani ƙarin bayani ba.

Amma arzikin kalmomi bai isa ba, sai an yi musu iyaka. A ɗauki abin da aka kira kauri a wannan rubutu, wato gogayyar cikin ruwa da ke sa zuma ta fi ruwa jinkirin zuba. Hausa tana da kalmomi uku da ke kewaye da wurin: kauri, danƙo da yauƙi. Danƙo mannewa ne a jikin wani abu, kuma wannan wata sifa ce dabam. Yauƙi, irin na miyar kuɓewa, jan zare ne, kuma masana suna ware shi a wani babi na musamman. Kauri ya fi kusa, sai dai shi ma ana faɗinsa ga katako da bango, kuma mai koyo yana iya rikita shi da nauyi, alhali man gyaɗa ya fi ruwa kauri amma a samansa yake tasowa. Wannan rarrabewa aikin masanin ma'ana ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, domin lakar da ke taruwa a ƙasan tankin ƙazamin ruwa ba ta bin dokar ruwan sha: wata sai an tura ta da ƙarfin da ya wuce wani mizani kafin ta motsa, kamar tuwo da ya fara sanyi. Haka nan Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa ruwa da iska da mai a matsayin abubuwa masu gudana, kuma sauri shi kaɗai bai ƙunshi alkibla ba, alhali lissafin yana buƙatar su biyun a haɗe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan giɓi ya isa kundin kammala digiri.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, tambayar ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya ta tashi daga muhawarar zaure ta koma aikin da ake jira. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna a ofis a jera kalmomin Faransanci a hagu, a ƙirƙiro na Hausa a dama. Irin wannan jeri yakan mutu a kan takarda. Kalmar da za ta rayu ita ce wadda aka gwada a bakin masu aikin: masu gyaran famfo, maginan rijiya, masu ban ruwa a fadamun Birnin Ƙonni da Jiratawa, ƴan garuwa, ma'aikatan masana'antar tace ruwa. Su ne suka riga suka mai da tiyo da shato kalmomin Hausa ba tare da izinin kowa ba. Ɗalibin harshe da ya ɗauki rakoda ya bi ɗalibin injiniya zuwa gwajin gishiri zai ji yadda mai gadin tanki ke kiran kusurwar da ruwa ke kwana, ya rubuta, ya kawo a tantance. Inda aro ya fi, a ara a daidaita shi da furucin Hausa. Inda kalmar gida ta fi, a kafa mata iyaka a rubuce, da misali, da abin da ba ta nufi ba.

Wannan ba kira ba ne na a guji Ingilishi. Mai son CFD dole ya karanta shi, domin da shi aka rubuta kusan duk abin da zai buƙata. Abin da ake nema shi ne jarrabawa ɗaya da ta kamata a ɗora wa kowane mai koyo kafin a karɓi hotonsa: ya tsaya gaban ma'aikacin da zai buɗe bawul ɗin, ya bayyana masa da harshen da suka haɗa ta ina ruwa zai bi, a ina zai maƙale, me ya sa, kuma da wane awo za a gane ko ya yi gaskiya. Wanda ya ci wannan jarrabawa ya fahimci lissafinsa. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna da sassan kimiyya, suna da masu nazarin harshe ko masu sha'awarsa, kuma kowane ɗayan garuruwan nan yana da tankin da za a iya neman izinin aunawa. Abin da ya rage shi ne malami ɗaya daga kowane ɓangare ya yarda a haɗa ɗalibai biyu a kan kundi ɗaya, a ba su buhun gishiri da abin awo da rakoda.